Ajin da Aka Rubuta wa "Sito"

Akwai wani Sakataren Ilimi mai makarantu talatin da bakwai a ƙarƙashinsa. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai Allah ya zuba masa tsoron manya. Ko waya aka bugo masa daga sama, sai ya miƙe tsaye ya gyara hula kafin ya ɗauka.

Akwai wata ɗabi'a da ya tarar a ofis, shi ma ya ɗora. Duk ranar da aka ce babban baƙo zai zo duba makaranta, sai a yi kwana biyu ana shafa fenti. A aro bencina daga wata makarantar, a tsinko furanni a soka cikin gwangwani, ko saiwa babu. Baƙo na juya baya a mayar da komai.

To a ɗaya daga cikin makarantun akwai wani aji can ƙarshe, kusa da famfo. Bangonsa ya tsage tun daga sama har ƙasa, babban mutum ma zai zura hannu. Rufin kuwa da wani katako aka tokare shi. Yara sittin da uku ne a ciki, har da Autar Sakatare, kuma bencinta a jikin bangon yake.

Sai ga sanarwa cewa 'yar majalisar yankin za ta zo. Ita ke shugabantar kwamitin da ke zaɓar makarantun da za a gyara. Mai Jan Biro ake ce mata, don in ta ja layi a kan abu, to ya mutu ke nan.

Sakatare ya ja Hedimasta gefe. "Malam, ajin nan fa?"

"Ranka ya daɗe, ai shi ya kamata ta fara gani."

"Ta gani? So kake ta ce shekara shida barci nake yi? A cusa takardu a tsagar, a bi da fenti. Yaran a raba su sauran azuzuwa. A sa kwaɗo, a rubuta Sito a ƙofa."

Hedimasta ya sosa ƙeya. "Sito mai allo da alli. To Allah ya sa kada ta ce a buɗe."

Ba ta ce ba. Ta zagaya, ta ga fenti na sheƙi, ta ga kowane yaro da wurin zama. Ta zaro biron nan a gaban kowa.

"Madalla. Wannan makarantar ba ta buƙatar komai. A kai gyaran inda ake kuka."

Ta ja layi. Aka yi tafi. Sakatare ma ya tafa, amma ji ya yi kamar an zuba masa ruwan sanyi a baya.

Washegari aka cire kwaɗo, yara suka koma. Sati biyu bayan nan damina ta sauka.

Ran nan da rana Sakatare ya dawo gida cin abinci, ya tarar da matarsa tana kakkaɓe wa Auta ƙasa daga kai.

"Baba, yau ma bangon ya yi magana," in ji Auta. "Ƙas-ƙas yake yi in iska ta taso. Malama ta ce mu daina kallonsa, mu kalli allo."

Cokali ya tsaya masa a hannu.

Matar ta tura yarinyar ciki, sannan ta juyo. "Baban Auta, ka rufe ajin nan."

"In na rufe sai na rubuta dalili. In na rubuta dalili, sun san ƙarya na yi. Aikina ke nan fa."

"To ka zauna da aikinka. Amma ka san wadda ke jingine da kwalliyar da ka yi."

Bai ƙarasa abincin ba. Daga ranar, ko gajimare ya gani sai ya tuna bangon. Yana zaune a ofis, kunnensa na kan waya, yana jiran a bugo a ce ya zo. Ga shi ranar Alhamis kwamiti zai rufe jerin makarantu, ba a sake buɗewa sai baɗi.

Ranar Talata da safe ya biya ta bayan ajin. Ya ɗan taɓa gefen tsagar kawai, wani ɓangare ya ɓalle a hannunsa. Ta cikin ramin ya hango gefen kan Auta, ta duƙufa tana rubutu. Ya naɗe ɓallin a hankici, ya nufi ofishin 'yar majalisa.

Bai taɓa zuwa ba. Shekara shida, ko lambarta ba shi da ita. Awa uku ya yi a benci, sau biyu yana miƙewa zai gudu, sai ya ji nauyin abin nan a aljihu ya koma ya zauna.

Da aka shigar da shi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Jan biron na gabanta.

"A'a, Sakatare mai makarantu masu sheƙi. Lafiya?"

Maganar da ya haddace a hanya duk ta gudu. Sai kawai ya ajiye hankicin a kan tebur ya kwance. Gefe ɗaya shuɗin fenti ne sabo fil. Ɗaya gefen ƙasa ce mai laima, da guntun takarda a manne.

"Mene ne wannan?"

"Sito ne, ranki ya daɗe. Wato... ba sito ba ne. Aji ne. Ni na sa aka rufe don kada ki gani."

Ta ɗago kai ta kalle shi.

"Yara nawa?"

"Sittin da uku."

"Yanzu haka suna ciki?"

"Suna ciki."

Ta miƙe da ƙarfi har kujera ta bugi bango. "Kai wane irin mutum ne? Tashi mu je!"

Suna isa hadari ya haɗu, gari ya yi duhu. Ta wuce Hedimasta yana ta "sannu da zuwa", ta faɗa ajin. Iska ta kaɗa, katakon ya yi ƙara, ƙasa ta zubo mata a kafaɗa. Sakatare ya ga idonta ya sauya. Ashe ita ma tana jin tsoro.

"Ku fita a hankali," ta ce da yaran, murya ƙasa ƙasa. "Ban da gudu. Ku bar jakunkunan."

Sai da na ƙarshe ya fita sannan ta juyo kansa.

"Ka ɗauka ni aljana ce, ina gani ta cikin ƙofa? Abin da kuka nuna mini shi nake kai wa majalisa. Ka nuna mini fenti, na kai fenti. Jibi za ka tsaya gaban kwamiti ka faɗa da bakinka."

Ya tsaya kuwa. Gumi har cikin takalmi, ya faɗi komai, har da furannin gwangwani. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka sa a fayil ɗinsa. Amma Mai Jan Biro ta karɓi baƙin biro a hannun na kusa da ita, ta mayar da sunan makarantar a saman jeri.

Ranar Asabar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, Hedimasta ya bugo waya. Wannan karon Sakatare bai tsaya neman hula ba, ya garzaya makarantar.

Bangon ya kwanta cikin ajin. Rufin ya biyo shi. Sakatare ya tsaya yana kallo, can ya hango hannun wata jaka ja a ƙarƙashin bulo. Shi ya saya wa Auta ita. Sai ya zauna a cikin taɓo ya rufe fuska.

Bai ji tsayuwar mota ba, sai murya ya ji a kansa. 'Yar majalisa ce. Ta daɗe tana kallon jakar, sannan ta yagi takarda ta rubuta lambarta ta miƙa masa.

"Duk wata ka kira ni. Saura makarantu talatin da shida, kuma ɗaya bayan ɗaya za mu bi su. In na ji warin fenti, ni da kai ne."

Tun daga ranar, in za ta zo, a bakin ƙofa take samunsa da tarin makullai a hannu. Kuma ɗakin da ya fi muni shi yake fara buɗewa.

Darasi: Wanda zai yi maka magana a inda ba ka isa ka shiga ba, kada ka ɓoye masa ciwonka. Ka saba da shi tun kafin rana ta ɓaci, ka nuna masa gaskiya ko da muryarka na rawa. Don Allah ku tura wa wasu, musamman malamai da iyaye. Wataƙila akwai wani "sito" a makarantar ƙaninku.