Jaki, Gero da Gungume

An yi wani Kurege mai taƙama da iya lissafi. Wata damina rafi ya fara cika, dabbobi suka ga dole su kwashe abincinsu zuwa tudun da ke ƙetare.

Masu dako uku ne: Jaki, Akuya da Kunkuru. Kaya ma uku: gero, wake da busasshiyar kuka. Hanyoyi kuma akwai gungumen da ya haye rafi, da hanyar duwatsu, da doguwar hanyar zagaye. Aka ce Kurege ya raba aikin.

Ya hau kututture ya ce, "Mai ƙarfi shi ke ɗaukar kaya mai nauyi, ko ba haka ba? Jaki, gero naka ne. Kaya mai nauyi kuma gajeriyar hanya ta dace da shi. Gero ya bi ta gungume!"

Bushiya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Malam Kurege, ka haɗa Jaki da gero, ka haɗa gero da gungume. To, Jaki da gungumen fa?"

"Ke, rufe mana baki! Wanne ne kuskure a ciki?"

"Kowanne daidai ne. Ukun ne ban ga sun zauna tare ba."

Kurege ya yi tsaki. Jaki, da ba ya musu, ya ce, "Ni dai abin da aka ce shi zan yi."

Taku huɗu ya yi a kan gungumen, kofatonsa ya zame. Sai ji aka yi tinjim! Da ƙyar aka jawo shi yana ɗingishi, rabin geron kuwa ya bi ruwa.

Babu wanda ya zagi Kurege. 'Ya'yan Akuya kawai suka tsaya suna kallon buhunan da suka fashe. Kurege ya sauko daga kututturen, jelarsa na jan ƙasa, ya kasa haɗa ido da kowa.

Can ya matsa kusa da Bushiya, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, yanzu ya za a yi?"

Ta tura Jaki ta zagaye da sauran geron, Akuya ta duwatsu da wake, Kunkuru ta gungume da kuka. Kafin la'asar an gama.

Da aka zo rabon abinci, Kurege ya tura kasonsa gaban Jaki. Jaki ya ce, "Ci abinka, Malam." Kurege ya zauna, ko ƙwaya ɗaya bai taɓa ba.

Darasin wannan labari shi ne, idan abubuwa uku za su yi tafiya tare, kada ka duba su bibbiyu ka ce ka gama. Duba su gaba ɗaya, kuma ka saurari mai yi maka tambaya.