Ƙuri'ar da Aka Kaɗa wa Mujiya

Akwai wani manomi a wani ƙauye gefen Gidan Sori, ana ce mashi Chindo. Kakanninsa daga kudu suka ƙetaro da fatauci, shi kuma ya haɗa noman gero da cinikin wake. Mun sha karawa da shi a kasuwa tun mai gidana na da rai. Ba ya sauka daga maganarsa, ni ma ba na sauka, shi ya sa na san shi sarai.

Abin ya faru lokacin da soja suka sassauta aka buɗe jam'iyyu. Kowa ya koyi kalmar ƙuri'a. Ko gardamar guga aka yi bakin rijiya, sai ka ji an ce a ɗaga hannu.

A daminar nan ƙaramar ɗiyar Chindo, Indo, ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Bayan gidansa kuwa akwai tsohuwar kuka mai kogo, inda mujiyoyi suke zaune tun zamanin kakanni. Masu zuwa gaisuwa suka ce sun ji kukan mujiya kafin yarinyar ta cika. Chindo ya riƙe maganar a ransa.

Da aka tashi zaman makoki ya je gindin kukar. Ya tarar da wasu curi-curi baƙaƙe zube a ƙasa. Ya fasa ɗaya, sai ga gashi da 'yan ƙasusuwa, har da ɗan ƙoƙon kai mai haƙora. Ya ƙulle su a tsumma ya shigo gida.

"Ga asirin," ya ce. "Da wanga aka ci mani ɗiya."

A gidan akwai Zakiyya, ɗiyar ƙanensa marigayi. Shi ke riƙonta, tana karatu a kolej ɗin garin Agiye, ta zo hutu. Ta durƙusa ta duba abin da kyau.

"Baffa, wannan ba asiri ba ne. Kan ɓera ne. Mujiya haɗiye ɓera take yi ɗungurungum, abin da bai narke ba ta amayo shi. Mushe, malaminmu, ya kawo mana irinsa aji, mun fasa mun gani."

"To me ya kashe Indo?"

"Sauro, Baffa. Akwai wata halitta da ido ba ya gani, sauro ke zuba ta cikin jini. Tana shiga ƙwayoyin jini ta hayayyafa har ta fasa su."

Chindo ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji.

"Abin da nake gani da idona ƙarya ne, wanda ba a gani shi ne gaskiya? Sannu likita."

"Baffa, ku yi haƙuri. Gero na ciyar da ɓera, ɓera na ciyar da mujiya. In kun cire ta sama, na tsakiya zai cinye na ƙasa."

"Tashi ki ba ni wuri. Yanzu dimokuraɗiyya ake yi. Jama'a za su yanke."

Bayan sallar Juma'a ya tara maza a dandali. Ya kwance tsumman ya zagaya da shi, kowa ya leƙa ya ja baya. Ya ce wanda ke son 'ya'yansa su rayu ya ɗaga hannu. Wa zai bar hannunsa a ƙasa gaban uban da bai daɗe da rufe ɗiyarsa ba? Hannuwa suka tashi. Zakiyya na bayan zana tana ji, ba wanda ya nemi nata hannun.

Suka cusa karan gero cikin kogon suka sa wuta. Manyan mujiyoyin suka fito a makance aka bi su da sanduna. 'Ya'yan suka ƙone a ciki. Daga nan aka bi duk iccen da ke da kogo a ƙauyen aka yi mashi haka. Kukar ta daɗe tana cin wuta ta ciki kafin ta kife.

Kaka ta yi kyau a shekarar. Chindo ya cika rumbunsa, ya ware zangarniyar iri, irin da ya gada wurin ubansa, ya sa can ƙasan rumbu. Na haɗu da shi a kasuwa yana cewa, "Tun da muka kori tsuntsun nan, sai albarka." Na ce mashi ni wake na zo saye, ba wa'azi ba.

Da rani ya yi nisa, mata suka fara ganin ramukan ɓera gindin zana. Aka sa tarko, aka kawo kyanwa. Kamar ana ƙara su. Ɓera ya daina jin tsoron mutum, da rana tsaka yake ratsa tsakar gida.

Ranar da Chindo ya hau rumbu don fiddo iri, ya zura hannu ya damƙo. Zangarniyar na nan tsaye, amma babu ƙwaya ko ɗaya. Sai ƙaiƙayi da kashin ɓera.

Ya haɗiye girman kai ya roƙo iri wurin surukansa. Ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Ɓeraye suka bi layi rami-rami suka tone, kamar an nuna masu. Ya sayar da san nomansa ya sayi iri, ya sake shuka bayan ruwan fari. Tsiron na leƙowa suka datse shi. Maƙwabta ba su da abin ba shi, su ma abin da ya same su ke nan. Waɗanda suka ɗaga hannu tare da shi suka daina amsa mashi sallama da fara'a.

Damina ta yi tsakiya gonar Chindo ba kome sai ciyawa. Sauro kuwa na nan yadda yake, an ƙara rufe yara a ƙauyen, babu mujiyar da za a ɗora wa.

Ya ɗora iyalinsa a amalanke za su ƙetara kudu neman abin ci. Zakiyya na ciki, karatu ya ƙare ke nan. Hanya ta bi da su ta gefen kututturen kukar. Chindo ya ja linzamin jaki ya tsaya. Bai dube ta ba ya yi magana.

"Zakiyya. Mushen naku ya ce in an kori mujiyoyi, suna dawowa?"

"Suna dawowa, Baffa. In sun samu kogo."

Ya daɗe yana kallon tokar. Sannan ya kaɗa jakin.

Darasi: Allah bai halicci kome shi kaɗai ba, kowace halitta tana riƙe da wata, har wadda kake ƙyama. Yawan hannuwa ba ya mai da kuskure gaskiya, kuma baƙin ciki ba hujja ba ne. In ƙaraminka ya zo da sani, saurare shi kafin ka ƙyasta ashana. Ni ba na ragi a ciniki, ban kuma rage maku kome a nan ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu gona.