Mamatan da Waziri Ya Saki

A wani zamani da ya shuɗe, a wata ƙasa da ba sai na kama sunanta ba, kurkukun sarki ya cika har ɗaurarru na barci a tsugune. Sarki ya kira Waziri ya ce, "Na gaji da jin an fitar da gawa kowace safiya. Nemo mana mafita."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, duk wanda ya shekara goma a ɗaure a sake shi, muddin wani nasa ya zo gaban alƙali ya ce, 'Nawa ne, na karɓe shi.'" Aka yi shela. Fadawa suka yi ta yabo, ka ce an riga an saki kowa.

Manya dai ba su cika sanin zaman talakawansu ba. A ƙasar nan, in mutum ya shekara bakwai a kurkuku, dangi kan yi masa sadakar mutuwa, a raba gadonsa, matarsa ta yi takaba ta yi aure. In ya dawo, duk wannan sai ya warware.

Cikin ɗaurarrun akwai Jatau maƙeri. An yi kisa da wuƙar da ya ƙera, aka rasa mai kisan, aka kama shi, shekara ashirin da biyu ke nan. Ya bar ɗansa Arzika a goye, kuma ba shi da sauran buri sai yaron nan ya san ubansa na raye. Wata uku yana zuba ido a ƙofa, ba wanda ya zo, shi da sauran duka.

Da Waziri ya ga haka, ya sa dogarai suka kawo Nomau, ƙanen Jatau, wanda ke noma gonarsa. Nomau ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, yayana ya rasu tuni. Wannan tsoho ban san shi ba."

Jatau ya ce, "Nomau, ni fa na goya ka ranar da kunama ta harbe ka."

Nomau ya sunkuyar da kai, ya rantse bai san shi ba.

Waziri ya juya ga sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hukunci a kan mai rai yake hawa. Tunda dangi sun rantse mutumin ya mutu, wa muke tsarewa? A kwance su duka, da sharaɗin kada wani ya ƙara amsa tsohon sunansa, don aure da gado su zauna lafiya. Wanda ya saɓa a mai da shi kurkuku."

Sarki ya yarda, malamai suka jinjina, kurkuku ya zama fayau. A fada ana cewa an yi adalci, kuma ni ba zan yi musu da fada ba.

Kwana biyu Jatau ya yi a ƙafa kafin ya isa garinsu. A tsohuwar maƙerarsa ya tarar da wani magidanci yana dukan ƙarfe da hannun hagu, kamar yadda shi ma yake yi. Ya gane ɗansa Arzika ne, ya yi sallama da ƙyar.

Arzika ya ga tsoho ya sha hanya, ya miƙo masa ƙwaryar fura ya ce, "Sha, malam, sadaka ce. Mahaifina ya rasu ban san shi ba, ka taimaka ka yi masa addu'a."

Jatau ya daɗe yana kallon fuskarsa. Sannan ya ajiye ƙwaryar, ya ɗaga hannu ya yi wa kansa addu'ar mamaci, ɗansa yana cewa amin.