Ranar da Kura Ta Gwada Yin Fushi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

Kura ta leƙa gidan Jatau manomi, ta ga ya ture tuwo. Matarsa Tabawa ta ce, "Haba maigida, yi haƙuri," ta ƙaro masa nama.

Kura ta tambayi Dila, "Wace cuta ce ke hana mutum ci?"

Dila ya ce, "Fushi ne. Ransa ya ɓaci, so yake a kula."

"Har da ƙarin nama? Zan gwada!"

Da Kura da Dila suka kama barewa, Kura ta kumbura, ta juya baya. Dila ya cinye tas.

Kura ta ce, "Ba ka lallashe ni ba!"

"Jatau yana da Tabawa. Ke wa gare ki?"

Sai lokacin Kura ta ji fushi na gaske ya taso mata a ƙirji.

Ƙurunƙus, na bar muku kan ɓera!