Kilo Huɗun Valdomiro

Yayana Valdomiro mahauci ne a kasuwar garin Caruaru. Shekara talatin yana auna wa mutane nama, amma bai taɓa yarda wani ya gaya masa abin da zai yi ba. Taurin kansa ko bijimi albarka.

Da sankarar jini ta kama shi, ɓargona ne ya dace da nasa, sai dai rukunin jininmu ba ɗaya ba ne. Haka aka yi dashen ɓargon a birnin Recife. Ranar da aka sallame shi zuwa ɗakin da muka kama kusa da asibiti, likita ta ce masa, "Bayan dashe, ƙananan jijiyoyin hanta kan toshe. Kullum da safe ka hau sikeli. In nauyi ya ƙaru farat ɗaya, ruwa ne, ku zo nan take."

Muna fita ya ce, "Ni sā ne da za a riƙa auna ni?"

Da ƙyar yake yarda ya hau sikelin. Cikin kwana biyar ya ƙara kilo huɗu. Ya shafa tumbi yana dariya. "Kin gani, Zuleide? Jiki na dawowa. Ƙaro min rogo."

"Yaya, wace irin ƙiba ce ta tsallake wuya da hannu ta tare a ciki? Idonka ma ya yi rawaya."

"Ni za ki koya wa nama? Na san kitse, na san ruwa. Ba inda za ni."

Kwana biyu na ɓata ina lallashi, kuma har yau ina jin haushin kaina. A na uku na tsaya a kansa. "Ɓargon da ke jikinka nawa ne. Ban ba ka don ka kashe shi a ɗaki ba. Zage ni son ranka, mota na zuwa."

Ya zage ni har ƙofar asibiti. Ashe jijiyoyin hantar ne suka toshe. Hanta ta tsira, amma ciwon ya riga ya lalata ƙodojinsa. Ya rufe rumfarsa. Yanzu sau uku a mako ake masa wankin ƙoda, kuma kafin a jona shi da inji sai ya hau sikeli. Yana hawa ba gardama.

Darasi: gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka zama likitan kanka. In an gaya maka alamar haɗari, kada ka yi mata fassarar da ranka ke so. Kai kuma mai jinya, gara ka sha zagi yau, kada ka jira gobe.