Ƙwaryar Farko daga Tafkin Baba Shekarau

Ku gyara zama, ga wata gardama ku raba mini.

A wani ƙauye an yi wani tsoho, Baba Shekarau, mai kula da tafkin da duk gari ke sha. Wata damina ambaliya ta kwaso dagwalon marina da baƙin man gareji daga garin da ke sama, ta juye a tafkin. Ruwa ya koma shuɗi, mai na yawo a kansa. Kifi ya mutu, awaki suka ƙi sha, yara suka kwanta ciwon ciki. Mutane suka fara ɗaure kaya za su tashi. Tsoho ya zauna bakin tafki yana hawaye, sai ga 'ya'yansa uku, Lantana da Kande da Tanimu.

Lantana, wadda ta karanci kimiyyar ruwa, ta durƙusa ta ce, "Baba, share hawayenka. Ɓuntun shinkafar nan da ake zubarwa bayan gari, in ya zama gawayi, yana tsotse shuni da mai." Ba don ita ba, babu mai kallon juji ya hango magani.

Sai dai duk wanda ya cinna wa ɓuntun wuta, toka yake samu. Kande, maginiyar tukwane, ta cika manyan randuna da shi, ta liƙe bakinsu da yumɓu, ta gasa su yadda take gasa tukwanenta. Hayaƙi ya kusa makantar da ita, amma da aka buɗe, sai ga gawayi baƙi ƙirin.

Saura shiga ruwan, kowa ya ja da baya. Tanimu masunci ya tuɓe riga, ya shiga har wuya, ya datse gefen tafkin da buhunan gawayi don ruwa ya riƙa tsatsowa ta cikinsu. Kullum yana sauya buhunan, fatarsa na saɓulewa, bai fasa ba.

Ranar da ruwa ya washe, Baba Shekarau ya ɗebo a ƙwarya, ya hangi gindinta tar. Ya yi ta hamdala, ya ce, "Allah ya yi muku albarka, kun rufa mini asiri." Masu tashi suka kwance kayansu. Dattawa suka ce ƙwaryar farko ta wanda ya ceci gari ce, shi za a miƙa wa ya fara sha. Tsoho ya tsaya da ita a hannu, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya rasa wanda zai miƙa wa.

To, ku da kuke ji, wa ya fi cancanta a miƙa masa?