Na-Sani da Farin Soson Firji

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ɗauki abin ɗauka.

An yi wani dattijo, tsohon ma'aikacin ofis, wanda duk unguwa ba a san shi da wani suna ba sai Na-Sani. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya: ba ya bari a ƙarasa masa magana. Da ka buɗe baki za ka nuna masa hanya, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani."

Matarsa, wadda yara da manya ke kira Inna, tana da kaji shida a bayan gida. A cikinsu akwai wata wake-wake da take ji da ita kamar 'yar cikinta, don jikar kazar da mahaifiyarta ta bar mata ce.

Wata rana 'yarsu ta aiko musu da sabon firji. Da aka farke kwalin, sai ga wani farin soso mai tauri an tokare firjin da shi ta kowane gefe, manya-manya har guda takwas, ga girma ga rashin nauyi.

To, a unguwar nan kowane gida kwandon shara uku gare shi: na ragowar abinci, na takarda da kwali, da na roba da gwangwani. Na-Sani ya juya soson nan, ya ƙwanƙwasa shi, ya shinshina, ya yanke hukunci cewa dangin roba ne. Ya tura shi a kwandon roba.

Ranar Litinin mai kwasar shara ya zo. Ya zaro soson ɗaya bayan ɗaya ya jingine a bango, ya ce, "Baba, wannan ba a sa shi nan, sai dai..."

"Na sani! Mantuwa ce."

Mai shara ya haɗiye sauran maganarsa, ya wuce.

Litinin ta zagayo, Na-Sani ya mayar da soson kwandon takarda, tunda ai a cikin kwali ya zo. Mai shara ya sake zaro shi. "Baba, ai shi wannan sai dai..."

"Na sani, na sani. Gwada ka nake yi."

Ya kwashe kayansa ya koma ciki, kansa a ɗaure. Ya zauna a tsakar gida yana magana shi kaɗai: "Ba roba ba, ba takarda ba, ba abinci ba. To shi wane iri ne? Wanda ya ƙera shi, ina ya ce a kai shi?"

Inna ta ce, "Maigida, ka bar bawan Allahn nan ya kai ƙarshen zancensa mana."

"Ni? Shekara talatin ina sa hannu a takardu, yau mai shara ne zai koya mini zubar da shara?"

"To, Allah ya ba da sa'a, mai sa hannu."

Ya fara gwada wuta. Ya ƙyasta wa guda ɗaya ashana, sai ga baƙin hayaƙi mai warin tsiya ya turnuƙe, abin yana narkewa yana ɗiga kamar kwalta. Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta leƙo ta katanga tana tari: "Baba, taya kuke dafawa yau?" Ya yi maza ya kwara ruwa.

Sai dabara ta zo masa: ya marmashe soson, ya cusa a ƙarƙashin ragowar abinci inda idon mai shara ba zai kai ba. Da Inna ta tafi kasuwa, ya ɗauki guda ya zaga bayan gida yana goga shi a bango. Soson ya tarwatse ya zama 'yan ƙwayoyi farare kamar tsaba. Suka manne masa a hannu, a gemu, a hula. Ya sa tsintsiya, suna gudu gabanta. Ya gaji, ya shiga wanka.

Da ya fito, wurin fes, kamar an lashe.

Ya tsaya yana raba ido. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Can ya gyaɗa kai ya ce, "Iska ce. Dama na sani." Tun daga ranar, kullum sai ya goge guda ya bar wa iska, kullum kuma iska ba ta saɓa alkawari. Kafin mako ya cika, soso ya ƙare.

Sai kajin Inna suka rikice. A zuba musu dusa, su kalla su kau da kai. Ƙwai ya ɗauke. Ka taɓa ƙasan wuyansu ka ji shi tam kamar sun ƙoshi, ka ɗaga su ka ji sakayau.

Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta wanke akurki, ta sauya ruwa, ta sauya dusa. Ta ce, "Ni wannan abu ya ɗaure mini kai. Kaza a ƙoshe, kuma tana ramewa?"

"Sanyi ne," in ji Na-Sani.

"Da wannan zafin?"

"To, zafi ne. Na sani."

Ranar Lahadi da hantsi wake-wake ta kife a bakin akurki tana fafutuka. Dole aka sa mata wuƙa. Inna tana gyara ta tana share hawaye da bayan hannu. Da ta tsaga ƙundun, sai ga fararen ƙwayoyi cunkus. Ta ɗauki ɗaya ta matsa, ta lotsa ta dawo.

"Wane irin hatsi ne wannan?"

Ta ɗaga kai. Irinta guda tana nan maƙale a gefen hular mijinta. Ta dubi ta hannunta, ta dubi ta hula. Ta ɗora masa ita a tafin hannu, kuma da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Washegari tun kafin motar shara ta iso, Na-Sani yana tsaye a ƙofar gida. Ya ce, "Ɗana, maganar nan da ka fara sau biyu, ƙarasa mini ita."

Mai shara ya ce, "Ta soso? Cewa zan yi sai dai a ajiye shi da tsabta, kada a fasa. Duk Asabar wata mota tana tsayawa a bakin kasuwa tana karɓa, a kai shi inda ake matse shi a ƙera wasu kayan. Kai, mai kifin ƙarshen layinku ma nema yake, yana jera shi a akwatin ƙanƙara."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Bakin dattijo ya buɗe don ya faɗi kalmarsa ta kullum. Ya rufe shi. Can ya ce a hankali, "Ban sani ba."

Sauran kaji biyar sun farfaɗo da ƙyar. Amma jinin kazar mahaifiyar Inna ya yanke daga ranar.

To jama'a, kun ji. An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa, amma wanda ya ƙi tambaya ya fi kazar nan ɓata. Kowane mai sana'a malami ne a kan sana'arsa, ko da tsintsiya ce alƙalaminsa. Shara kuma ba ta ɓacewa don ka daina ganinta. Wani ciki take shiga. In abu ya shige maka duhu, kada ka ƙona, kada ka ɓoye: tambayi wanda ya sani, ka kuma bar shi ya kai aya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don gizo ba da na yi ƙarya, ga ƙwayar soso nan a hulata shaida.